Baƙin wuyan yayata ba dauɗa ba ne

Shekara da shekaru yayata tana dirzar wuyanta. Sana'arta sayar da wake da shinkafa a Aboabo, abincin da duk Kumasi ta sani da waakye, kuma wanda ya san wannan sana'a ya san ƙarfe 3 na dare mai ita take tashi ta hura wuta. Idan ta sauke tukunyar ƙarshe ta shiga wanka, daga tsakar gida kana jin ƙarar soso, tana bin bayan wuyanta da sabulun salo kamar mai kankare gindin tukunya. Baƙin bai taɓa fita ba. Ya yi mata zobe a wuya, fatar wurin ta yi kauri da laushi kamar karammiski, haka ma hammatarta. Wasu suka ce hayaƙin murhu ne, wasu suka ce sarƙar da take sawa ce ba ta karɓe ta ba. Akwai wadda ta yi mata gorin ƙazanta a gidan suna, ta dawo gida tana kuka. Daga nan ta shiga Kejetia ta sayo man bilicin. Fuska ta yi haske, wuya yana nan yadda yake.

A cikin waɗannan shekarun ne masu gwajin lafiya kyauta suka kafa rumfa a unguwarmu. Ta je da sassafe ko koko ba ta sha ba, aka soki yatsarta, na'ura ta nuna 6.3. Yarinyar da ta gwada ta ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, ba ki da suga, ki gode wa Allah." Ta gode wa Allah, ta koma bakin tukunyarta. Babu wanda ya ɗaga mayafinta ya dubi wuyan. Babu wanda ya auna cikinta. Babu wanda ya tambaye ta nauyin autanta ranar da aka haife shi, da ta ce kilo 4.3, yaron da matan unguwa suka yi ta zuwa gani suna cewa tubarkalla. Ba a tambaye ta me ya kashe mahaifinmu ba. A lokacin ma ta riga ta fara shan maganin hawan jini, ga shi ba ta cika shekara 40 ba.

Bayan shekara 7 ƙishirwa ta taso mata, ga fitsari ba dare ba rana, ga wani ɗan miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ranar da na kai ta asibiti sukarin jininta ya haura 19.

Ni nas ce. A ƙaramin asibiti nake aiki, irin wanda mutum yake fara zuwa idan kansa ya yi ciwo. Wuyan nan na gan shi ya fi sau dubu, har na taɓa ba ta shawarar ta canza sabulu. Ban san abin da nake kallo ba, kuma har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ra'ayina shi ne "ba ki da suga" ba amsa ba ce ga mace irin yayata, kuma ƙananan asibitocinmu suna barin shekaru masu tsada su wuce, shekarun da jiki yake ta ba da alama kuma ana iya juya akalar abin da kuɗi kaɗan.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba shi da wuyar fahimta. Duk abin da ka ci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko dokunu ko burodi, ciki yana mai da shi sukari ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoka da kitse su buɗe su karɓi sukarin, ya kuma ce wa hanta ta dakata da zuba nata a cikin jini. A jikin wasu mutane sai gaɓoɓin nan su fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Ya yi sallama sau ɗaya ba a amsa ba, sai ya yi sau uku. Ita kuwa pankiriyas ba ta yin ƙasa a gwiwa, sai ta ninka abin da take fitarwa don dai sukari ya sauka. Kuma yana sauka. Wannan shi ne tarkon: na'ura tana nuna lamba mai kyau ko mai kusa da kyau, alhali da ƙyar da jiɓin goshi jikin yake riƙe da lambar. Ana iya shafe shekara 10 ko fiye a haka, har ranar da gaɓar ta gaji, sannan a ce wa mutum ya kamu da ciwon suga, kamar jiya abin ya faɗo masa daga sama.

Yawan insulin ɗin nan da ke yawo a jini shi ma ba zaune yake ba. Shi ne yake sa fatar wuya da hammata da matsematsi ta yi kauri ta yi duhu, shi ya sa soso ba ya fitar da ita. Yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Yana taimaka wa kitse ya taru a hanta. A jikin mace yana iya hargitsa al'ada. Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun 1936 wani likitan Ingila, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu ciwon suga kashi biyu ne, waɗanda ba su da insulin da waɗanda jikinsu ba ya jin maganarsa. A 1988 Gerald Reaven na Amurka ya haɗa hawan jini da lalacewar kitsen jini da hawan sukari ya ce tushensu ɗaya. Ilimin ya tsufa. Isowarsa teburin da ake karɓar kati a Zango ne ya yi jinkiri.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. An yi wani babban bincike mai suna RODAM, wanda Farfesa Charles Agyemang ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2016. An gwada 'yan Ghana fiye da 5,000, wasu a ƙauyukan yankin Ashanti, wasu a Kumasi da Obuasi, wasu kuma a Amsterdam da Berlin da Landan. A ƙauye, mata kusan 8 cikin 100 ne ke da ƙibar da ta wuce kima. A birni, kusan 34 cikin 100. A Landan sun haura rabi. Ciwon suga kuwa, maza a ƙauye bai kai 4 cikin 100 ba, a birni ya kai 10 cikin 100. Jini ɗaya ne, kakanni ɗaya ne, wurin zama da abinci da zirga-zirga ne suka bambanta. Birnin da ake magana a kai kuwa namu ne. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da ƙafa suka zo. Mu yanzu daga Asawase zuwa Aboabo sai mun tsayar da pragya, babur mai ƙafa uku.

To me nake so a yi a ɗakin da ake duba marar lafiya? Ba na neman a sayo injina. Akwai gwajin insulin na jini, amma yana da tsada, ɗakunan gwaji ba su daidaita a kan ma'auninsa ba, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin suga ba su ce a riƙa yi wa kowa shi ba. Abin da nake nema ido ne, da tef ɗin tela, da tambayoyin da ba su wuce minti 2 ba.

Ido na wuya ne. Matanmu suna shigowa a lulluɓe, kuma daidai ne, amma nas mace tana iya cewa, "Hajiya, don Allah ɗan sassauta mayafin in ga bayan wuyanki." Ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba. Abin da na fi gani shi ne kunya, sai mace ta yi saurin cewa wallahi tana wankewa. A nan ne ya kamata a gaya mata cewa ba ƙazanta ba ce, saƙo ne daga cikin jiki. Na ga matan da hawaye ya zubo musu da jin wannan magana kaɗai, saboda shekarun da suka yi suna zargin kansu. Sau da yawa za ka ga 'yan ƙananan tsirorin fata suna reto a wurin, su ma alama ce. A baƙar fata irin tamu abin yana fitowa sosai, sai dai ido ya saba ya wuce shi.

Tef kuma na ciki ne. Sikeli yana gaya maka nauyi, ba ya gaya maka inda kitsen ya kwanta, alhali kitsen da ya fi ɓarna shi ne wanda ya naɗe hanji da hanta, ba na cinya ko ɗuwawu ba. Ana auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, mutum yana tsaye bai shanye cikinsa ba. Ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta bayar a yi amfani da shi a ƙasashenmu shi ne santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, ita nake koya wa mata. Ki samo zare ki auna tsawonki daga ƙafa zuwa kai, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi. Idan bakin zaren ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonki, lokacin bincike ya yi. Wannan ba ya bukatar karatu, ba ya bukatar sidi ɗaya. Alhazawan da ke zaune a shago daga safe zuwa Magariba, ƙafafu sirara ga tumbi a gaba, su ma zaren nan nasu ne, don sau da yawa sikeli yana wanke su alhali tef ba zai wanke su ba.

Tambayoyin ba su da yawa. Akwai mai suga a gidanku, uwa ko uba ko wanda kuke ciki ɗaya? Kina shan maganin hawan jini? An taɓa ce miki sukarinki ya hau lokacin da kike da ciki, ko kin haifi yaron da ya wuce kilo 4? Ga budurwa ko amarya: al'adarki tana tsallake watanni, gashi yana fito miki a haɓa, an daɗe ana neman haihuwa? Wannan na ƙarshen yana ci mini rai. Yarinya za ta yi shekara 3 a gidan miji ba ciki, a zagaya da ita wurin masu magani, a yi ta maganar sammu da kishiya, alhali wuyanta da cikinta da al'adarta duk suna nuna abu ɗaya, kuma rage nauyi kaɗan yakan dawo wa wasu da al'adarsu daidai.

Tambaya ɗaya kuma da sai wanda ya san Zango zai yi ta: kina shan maganin ƙiba? Mun san yadda ake shirya amarya. Mun san ƙwayoyin da ake saya a kemis ba takardar likita don yarinya ta ciko kafin biki, a cikinsu har da deksa. Wannan ƙwaya sitiroyid ce, kuma tana cikin magungunan da suka fi sa jiki ya bijire wa insulin. Kumatun da take cikowa ba lafiya ba ce. Wasu mayukan bilicin ma akwai sitiroyid a cikinsu, kuma idan an daɗe ana shafa su a jiki duka yana ratsa fata ya shiga jini. Ka ga macen da ta sayi mai don ta goge baƙin wuya tana iya ƙara wa wutar itace ba ta sani ba.

Idan alamun nan sun taru, sai a zo ga gwajin jini, kuma a nan ma akwai gyara. Wanda ya kwana bai ci komai ba, idan sukarinsa ya kai 7.0 a gwaji biyu, ciwon suga ne. Amma tsakanin lafiya da 7.0 akwai fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 6.1 zuwa 6.9 mutum yana bakin gaɓa, ƙungiyar likitocin suga ta Amurka ma daga 5.6 ta fara ƙirgawa. Lambar yayata, 6.3, ta faɗa ciki ko da wane ma'auni aka bi. Abin da ya kamata ta ji ranar nan shi ne, "Hajiya, suga bai kama ki ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, zo mu zauna." Sannan gwajin safe shi kaɗai yana iya kuskure mutum, domin akwai waɗanda sukarinsu na safe lafiya lau, sai bayan cin abinci yake tashi ya daɗe bai sauka ba. Irin waɗannan ana ba su ruwan gulukos giram 75 su sha, a sake aunawa bayan awa 2. Daga 7.8 zuwa 11.0 bakin gaɓa ne, daga 11.1 ciwon ne.

Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata 3, wanda mutane suka fara yarda da shi kamar yankan wuƙa. Gwaji ne mai kyau, amma a jikin jajayen ƙwayoyin jini yake karatu, mu kuwa ƙasar sikila ce. Kusan mutum 1 cikin 4 a Ghana yana ɗauke da irin S ko C a jininsa ko da bai taɓa ciwo ba. A nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye, marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai don gano sikila tun 1995, saboda yawanta a cikinmu. Ga mai wannan jini, ko mai ƙarancin jini, gwajin yana iya ba da lambar da ba ita ba, ya danganta da injin da aka yi amfani da shi. Haka gwajin kitsen jini: a jikin Bature mai wannan matsala wani nau'in kitse yakan hau sosai, amma a jikin mutanen Afirka ta Yamma sau da yawa ba ya hawa. Wanda ya jira takardar gwaji ta yi masa ihu kafin ya motsa, zai sallami mutane da yawa da bai kamata ya sallama ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun faɗa mini a fuska. Layi ya kai bakin titi, ga zazzaɓin cizon sauro, ga masu awon ciki, ga yara masu gudawa, ina lokacin auna tumbin wanda ya zo da ciwon kai? Wasu kuma suna cewa bai dace a ɗora wa mai lafiya sunan ciwo ba, a sa shi fargaba, a buɗe wa masu sayar da maganin gargajiya a mota da rediyo wata sabuwar kasuwa. Maganarsu ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Ba duk wanda yake bakin gaɓa ne zai faɗa ba. A shekara, kamar 5 zuwa 10 cikin 100 ne suke tsallakawa, wasu ma suna komawa daidai. Don haka ba na so a ce wa kowa "kana da ciwo". A gaya masa gaskiya gwargwadonta, a ba shi ranar dawowa. Maganar lokaci kuwa ban karɓe ta ba. Muna auna hawan jinin duk wanda ya shigo, ko da ƙaya ce ta soke shi, kuma babu wanda ya ce ɓata lokaci ne, saboda an mai da shi ƙa'ida an yi masa gurbi a kati. A yi wa faɗin ciki gurbi kusa da shi. Lokacin da muke tsoron ɓatawa yau, ninkinsa muke ɓatawa wajen wanke mikin ƙafa duk bayan kwana 2.

Abin da ya sa na dage shi ne an gwada an ga yana aiki. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin gaɓa aka raba su kashi uku, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka taimaka wa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, maganin rage sukarin jini, ya ragu da kashi 31. A Finland an samu kashi 58 ɗin nan a 2001. A garin Da Qing na ƙasar Sin an fara irin wannan tun 1986, aka bi mutanen har shekara 30, aka ga amfanin bai gushe ba. Kashi 7 cikin 100 ga mace mai kilo 90 bai wuce kilo 6 da ɗan ɗori ba. Ba a ce ta koma kamar budurwa ba, ba a ce ta rame har dangin miji su fara tambaya ko lafiya.

Sai dai mutanen da aka yi wa wancan gwaji ba a ce musu "ku rage cin abinci ku riƙa motsa jiki" aka sallame su ba. An zauna da su sau da yawa, an bi su. Mu kuwa shawararmu jimla ɗaya ce, sau da yawa da Turanci ko da Twi, ga tsohuwar da Hausa kaɗai take ji sosai. Wani lokaci a miƙa mata takarda mai hoton abincin da ba ta taɓa gani a kasuwar Aboabo ba. Shawarar da za ta yi aiki sai ta shiga cikin tukunyarmu. Waakye ba abokin gaba ba ne, waken da ke cikinsa yana rage saurin hawan sukari. Matsalar ita ce shinkafa ta rinjayi wake, sannan a ɗora taliya, a ɗora gari, a ɗora soyayyar ayaba, sitaci huɗu a ganye ɗaya. A ƙara wake, a zaɓi ɗaya cikin ukun nan, a sa ƙwai ko kifi ko wagashi da ganye. Tuwon zafi a rage malmala a yawaita miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa. Koko da ƙosai karin kumallo ne mai kyau idan ba a zuba masa sukari cokali 4 an haɗa da burodi ba.

Abin sha ne ya fi yi mana illa, domin ba ma ƙirga shi a abinci. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, in da hali ma 25. Ga malta da madara da muke ba mai jego da sunan ƙarin jini. Ga sobolo da burkina da lamurji da zomkom, ga ataya da samari ke sha zagaye uku a dandali, kowane zagaye da nasa sukarin. A watan azumi kuwa, mutum ya wuni bai ci ba, sai ya buɗe baki da kofi uku na zaƙi kafin ya taɓa abinci. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemunan da aka zuba wa sukari, kuma na goyi bayan haka. Amma haraji ba ya shiga robar sobolon da aka haɗa a gida. Wannan sai baki da baki.

Motsa jiki ma a faɗe shi yadda zai yiwu. Tsoka ita ce ta fi kowace gaɓa shan sukari bayan an ci abinci, kuma idan tana aiki tana jan sukari ko insulin bai yi mata magana ba. Shi ya sa tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci take da amfani fiye da yadda ake zato. Namiji ya tafi masallacin da ya fi nisa kaɗan, ya sauka daga trotro kafin tasharsa. Mace fa? Yayata ta ce mini, "Auta, ni da nake tsaye tun ƙarfe 3, wane motsa jiki kuma?" Tana da gaskiya ta wani ɓangare, gajiya tana yi. Amma tsayuwa a gaban tukunya daban, tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga daban. Kuma Hajiya mai shekara 45 ba za ta sa wandon wasa ta tafi filin Baba Yara ba. Abin da na ga ya yi aiki shi ne mata uku ko huɗu 'yan makarantar Islamiyya ɗaya su haɗu su taka tare, da hijabansu, bayan Asuba ko bayan La'asar. Idan malamai da limamai suka ce wannan abu ne mai kyau, mazaje ba za su hana ba. Barci ma yana ciki. Ƙarancinsa yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin, kuma masu sayar da abinci da direbobin dare su ne suka fi rasa shi.

Metformin tana da wurinta. Tsohuwar ƙwaya ce mai araha, tana cikin jerin magungunan inshorar lafiya ta ƙasa, kuma ta fi amfani ga mai ƙiba sosai da bai kai shekara 60 ba da macen da sukarinta ya taɓa hawa da ciki. Likita ne zai yanke wannan bayan ya duba ƙoda, ba mai kemis ba. Su matan da suka yi sugan ciki, haɗarinsu ya ninka na sauran mata aƙalla sau 7, kuma su ne suka fi sauƙin samu, tunda duk wata suna kawo yaro awo. Muna ɗora jariri a sikeli, mu rubuta, mu yi masa allura, uwar da ke goye da shi ba mu ce mata komai ba. Idan ta cika kwana arba'in bayan haihuwa a gwada ta, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara ko aƙalla duk bayan shekara 3.

Ƙasar nan ta taɓa nuna ta iya irin wannan aiki. Tsarin kai aikin lafiya cikin unguwanni da ƙauyuka da ake kira CHPS, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo a shekarun 1990, nas ya ɗauka ya kai ta cikin unguwa tana bin gida gida, kuma da shi aka ci nasara a rigakafin yara da awon ciki. Inshorar lafiya da aka kafa dokarta a 2003 ta cire wa talaka tsoron zuwa asibiti. A 2025 an buɗe asusun tallafa wa masu cututtuka irin su ciwon ƙoda da daji da suga, kuma duk wanda ya taɓa ganin iyali suna sayar da fili don wankin ƙoda zai yi maraba da shi. Roƙona ga Hukumar Lafiya ta Ghana shi ne a waiwayi farkon hanyar kamar yadda aka waiwayi ƙarshenta. A sa tef a jakar kowace nas ta unguwa, a tabbatar tsinken gwajin suga ba ya yankewa a ƙananan asibitoci, a koya wa ɗalibai su gane wuyan nan a baƙar fata, a kuma samar da masu yi wa mutanen Zango bayani da Hausa.

Yayata tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Ƙafar ta warke bayan wata 4, tana shan magani safe da yamma, idonta na hagu ne ya ɗan rage gani. Watan jiya babbar 'yarta, mai shekara 24, ta zo gidana a kan maganar ɗinkin bikinta. Ta sunkuya tana nuna mini atamfa, ɗankwalinta ya zame, sai na ga inuwar zoben nan ta fara fitowa a bayan wuyanta. Na ce, "'Yata, tashi tsaye." Na ɗauko zaren ɗinki na auna tsawonta, na ninka, na zagaya cikinta. Saura kamar yatsa uku bakin zaren ya haɗu. Ta ce, "Inna, ciwon Mma ne?" Na ce mata a'a, ba shi ba ne tukuna. Na tambaye ta ko ƙawayenta sun kawo mata ƙwayar cikowa, ta sunkuyar da kai ta ciro ta daga jaka ta ajiye a kan tebur. Na rubuta mata ranar Talata a bayan katinta, ta zo da safe kada ta ci komai. Uwarta ta ce ranar ba za ta ɗora tukunya ba, ita za ta rako ta.